Jan Zinare da Farin Nono: Cinikin Adalci da Aikin Matasan Makarantu da Majami'u a Tumur da Kwarin Komadugu

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman makarantu da jagororin ƙungiyoyin matasa a garin Diffa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ake kira cinikin adalci, wato sayen kaya a hannun manomi ko mai sana'a da farashin da zai riƙe shi da iyalinsa, ta kuma tambaya ko yana da amfani ga ɗalibai, matasan majami'u da 'yan fada (majalisar hirar matasa) na Tumur da garuruwan bakin Komadugu. Matsayinta shi ne, tambarin da ake liƙa wa kofi da cakulan a kantunan Turai ba zai iso ga mai tattasai na Geskeru ko mai cuku ta Tumur nan kusa ba. Amma dabarun da ke ƙarƙashin tambarin, wato awo na gaskiya, farashi a fili, da kuɗin noma da ba ya shaƙe wuya, yaran da ke aji yau za su iya kama su.

Kasuwar da ta ƙone

A daren Asabar 12 ga Disamba 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, mayaƙan Boko Haram suka afka wa garin Tumur da ke gundumar Bosso. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum 28 suka rasu. Ɗaruruwan gidaje sun ƙone, babbar kasuwar garin ta zama toka, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana 3. A lokacin Tumur na ɗauke da baƙi fiye da dubu 30: 'yan gudun hijira daga Najeriya, 'yan ƙasa da rikici ya raba da ƙauyukansu, da waɗanda suka dawo gida daga ƙetaren kogi.

Duk wanda zai tashi gaban mutanen wannan gari ya yi musu lacca kan sayayya da sanin ya kamata, sai ya fara da neman afuwa. Maganar ta fito ne daga ƙasashen da yaro ke tsayawa gaban kanta yana ruwan ido tsakanin cakulan iri goma. A nan kuwa uwa tana auna tiyar gero da kwanakin da suka rage kafin wani rabon abinci. Duk da haka marubucin wannan takarda na ganin batun ya fi shafar Tumur a kan Landan. Yaron Turai yana ƙarshen igiyar ciniki, inda ake ci. Yaron Komadugu yana farkonta, inda ake nomawa, a tatsa, a shanya. Kuɗin littafinsa da na takalminsa daga buhun tattasai ko ƙwaryar nono suke fitowa.

Matasan coci ne suka kunna wutar

Ba 'yan kasuwa ne suka fara wannan harka ba. A 1946 wata mata 'yar ɗariƙar Menonayit a Amurka, Edna Ruth Byler, ta ga ɗinkin hannu na matalautan mata a tsibirin Puerto Rico, ta riƙa ɗauko shi tana sayar wa 'yan cocinsu daga bayan motarta. Abin da ta fara shi ya zama jerin kantunan Ten Thousand Villages. A 1949 cocin 'Yan'uwa ta Amurka ta kafa SERRV don sayar da kayan hannun 'yan gudun hijirar Turai bayan yaƙin duniya na biyu. A nan akwai zaren da ya iso har yankin tafkin Chadi: wannan cocin ce ta buɗe mishan a Garkida a 1923, daga nan aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nigeria, wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. Ashe tun asali cinikin adalci da gudun hijira tare suka taso.

Inda matasa suka fi taka rawa shi ne Jamus. A 1970 ƙungiyar matasan Katolika, BDKJ, da ta matasan Furotesta, aej, suka shirya jerin gwanon yaƙi da yunwa a birane 70, mutum wajen dubu 30 suka fito. Bayan an watse, sai suka ga tafiya a titi ba ta sa hatsi a rumbun kowa. Suka koma kafa tebur a ƙofar coci ranar Lahadi, suna sayar da kayan hannu, daga baya kofi, kowane ƙunshi da takardar da ke bayyana wanda ya noma shi da abin da ya samu. A 1975 aka kafa kamfanin GEPA, kuma har yau waɗannan ƙungiyoyin matasa biyu suna cikin masu shi.

Tambarin ya zo daga baya. A 1988 wani limamin Katolika ɗan Holan da ke zaune cikin manoman kofi a Oaxaca ta ƙasar Meziko, Frans van der Hoff, tare da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad, suka fito da tambarin Max Havelaar don kofin ya shiga manyan kantuna. A 1997 aka haɗa irin waɗannan tambura ƙarƙashin inuwa ɗaya a birnin Bon, abin da ake kira Fairtrade yanzu. Tsarin yana tsaye kan ƙafa uku. Akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi komai faɗuwar kasuwa. Akwai ƙarin kuɗi da ƙungiyar manoma ke yanke abin da za ta yi da shi a taronta. Akwai kuma damar karɓar wani kaso na kuɗin kaya kafin girbi. A koko, alal misali, a Oktoban 2019 an sa mafi ƙarancin farashi dalar Amurka 2,400 kan tan, da ƙarin dala 240. Manoman Kuapa Kokoo na Ghana, ƙungiyar da aka kafa a 1993, har hannun jari suka mallaka a kamfanin cakulan na Divine.

Buhun tattasai da masu ci a cikinsa

Kogin Komadugu Yobe daga ruwan Haɗeja da Jama'are yake samuwa, ya raba Nijar da Najeriya tsawon kilomita kusan 150 kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Bosso. A gaɓarsa ne Barebari, musamman Mobbar, ke noman tattasan da ya sami laƙabin jan zinaren Manga. Ana yin reno da dashe a damina, a ci gaba da ban ruwa da inji, a tsinka sau da yawa cikin sanyi, a shanya a rana, a ɗura a buhun da nauyinsa ke kai kilo 17 ko kusa da haka. Mafi yawansa Najeriya yake tafiya, ta Damasak da Maiduguri zuwa Kano da kudu. Rahoton da Oxfam ta fitar a Fabrairun 2017 ya ƙiyasta cewa kafin rikici tattasai da bandar kifi suna shigo wa yankin da sefa biliyan 28 a shekara.

Tambayar cinikin adalci ita ce, cikin wannan kuɗi nawa ke kwana a gidan wanda ya sha rana?

Wurin farko da rabon manomi ke zubewa shi ne bashi. Tattasai amfanin gona ne mai cin kuɗi: man inji, taki, maganin ƙwari, ladan 'yan ƙwadago. Wanda ba shi da jari sai ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi taki da mai, a biya da buhu idan an girbe. Ranar biya kuwa ita ce ranar da kasuwa ta cika da kaya, farashi ya faɗi warwas. Mai bashi ba ya taya, karɓa yake yi. Bayan watanni, buhun nan da ya fita gona da araha yana sito a Diffa ko Kano ya yi daraja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu shi ne awo. Da buhu ake ciniki, buhu kuwa ba shi da baki. Ana iya danna shi da ƙafa, ana iya yi masa hula. A ɗauka buhun da aka yi ciniki kan kilo 17 an cusa masa 20: a kowane buhu 6 manomi ya ba da guda kyauta bai sani ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin akwai manomin da ke ɗura tattasan da bai gama bushewa ba, ko ya ɓoye baƙi-baƙi a tsakiya ya sa ja a baki. Ɗan kasuwan da aka taɓa yi wa haka, a gaba kowa zai rage wa farashi, mai gaskiya da maras ita.

Na uku kuɗin da ake ciniki da shi. A kasuwannin Diffa naira ce ke yawo, alhali kuɗin makaranta, magani da haraji da sefa ake biya. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2016, da kuma a Yunin 2023, manomin Shetimari ya yi asara ba tare da tsutsa ta taɓa gonarsa ba. Haka rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda sai a Fabrairun 2024 aka ɗage.

Kada a ɗauka wannan takarda ta mai da dillali da ɗan kasuwa shaiɗanu. Su ke ba da bashi inda banki ba ya leƙawa, su ke sa dukiyarsu a motar da ke bin hanya mai shinge da 'yan bindiga. La'adarsu halas ce. Abin da ake jayayya a kai shi ne ciniki a cikin duhu, inda ɓangare ɗaya ya san farashin Kano na jiya, ɗayan bai sani ba.

Darasin haramcin 2015

Bayan harin da aka kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawa babur, an taƙaita sayen taki da man fetur, an hana cinikin tattasai da kifi, bisa hujjar cewa mayaƙan na karɓar haraji a kansu. A Mayun shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin. Ba a ɗage haramcin tattasai ba sai Oktoban 2017, na kifi kuwa sai 2019.

A wata fuska wannan shi ne ƙaurace wa kaya mafi girma da yankin ya taɓa gani, kuma an yi shi da niyyar da ake iya fahimta: kada kuɗin miyar wani ya sayi harsashi. Sai dai wanda ya biya kuɗin wannan niyya shi ne manomi, masunci, mai ɗinka buhu, ɗan dako da ɗan kabu-kabu. Cinikin bai mutu ba, ya koma bayan fage, inda farashin mai gona ya ƙara faɗuwa saboda mai saye na lissafa haɗarinsa. Matashin da aka raba da babur da gona ya zauna a fada yana shan shayi daga safe zuwa dare. Duk ƙungiyar matasan da za a koya wa sayayya da sanin ya kamata, ya dace a fara mata da wannan labari, domin kalmar "kada ku saya" tana da sauƙin faɗa, kuma kusan kullum a kan mai rauni take sauka.

Me ya sa tambarin ba zai zo ba

Samun tambarin Fairtrade na buƙatar ƙungiya mai rajista da littattafan kuɗi, da masu bincike na FLOCERT da za su riƙa zuwa gona, ƙungiyar kuma ita ke biyan kuɗin binciken. Wane mai bincike ne zai kwana a bakin Komadugu a halin da ake ciki? Sannan Tarayyar Turai na da tsauraran ƙa'idoji kan gubar fumfuna a busasshen barkono da kan ragowar maganin ƙwari; a 2015 ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda irin wannan magani. Mafi muhimmanci, mai cin tattasan Diffa ba a Turai take ba. Tana Fagge, tana Zinder, tana Legas, tana daka yaji.

Tambarin kansa ma ba waliyyi ba ne. Binciken da masana na SOAS a Jami'ar Landan suka fitar a 2014, bayan shekaru suna aiki a Habasha da Uganda, ya gano cewa 'yan ƙwadago a wuraren da ke da tambarin sau da yawa ladansu bai kai na wasu wuraren ba. Wannan ya shafi Diffa kai tsaye. Tsinkar tattasai galibi aikin mata da yara ne, yau kuma da yawansu 'yan gudun hijira ne da ba su da bakin musu kan lada. Manomin da ke kukan ɗan kasuwa ya danne shi, a tambaye shi nawa ya ba matar da ta wuni a duƙe cikin gonarsa.

Abin da Nijar ta samu wanda ya fi kusa da bukatarta shi ne rajistar suna. Hukumar rajista ta OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asalin wuri, cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi kuma suka sami tambarin haɗin gwiwa. Tattasan Diffa ya cancanci irin wannan, ko don kada a ɗura na wani wuri a kira shi da sunansa.

Shayin fada da nonon Tumur

Tumur garin makiyaya ne kafin komai, Fulani ne mafi yawan mutanensa. A nan ne matashi ke zama mai saye na gaske, kuma a nan zaɓinsa ke da nauyi. A duba teburin mai shayi a Diffa. Garin madarar da ake auna wa a leda, yawancinsa ba cikakkiyar madara ba ce: an cire mata mai a Turai, an maye shi da man ja da aka tace, shi ya sa take da araha. Tun da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta ke samarwa a Afrilun 2015, irin wannan gari ya ƙara kwararowa Afirka ta Yamma, inda harajin shigo da babban buhunsa kashi 5 cikin 100 ne kawai. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya irin su APESS da Billital Maroobe, tare da Oxfam, suka ƙaddamar da gangamin kare madarar gida a ƙasashen Sahel, har da Nijar.

Ba a ce wa yaro mai dala biyar ya bar abin da aljihunsa zai iya. Amma ƙungiya tana da aljihun da ya fi na mutum ɗaya. Walimar saukar Alƙur'ani, bikin Kirsimeti, taron ƙarshen shekara na makaranta, kwamitin da ke sayen cefanen kantin ɗalibai: duk sayayya ce mai yawa, kuma ana iya yanke shawara a ce fura da nonon rugar da ke kusa za a sha, cukun matan Tumur za a raba, a biya su a ranar, ba tayin wulaƙanci. A damina nono na yawa har ya lalace, da rani ya yi wuya. Makarantar da ta yi alkawarin sayen cuku kowane mako da farashi guda ta ba mai tatsa abin da Fairtrade ke kira kwangila mai tsawo, ba tare da wani ya zo daga Bon ba.

Sikeli, littafi da kwaɗo biyu

Kiristoci kaɗan ne a jihar Diffa. 'Yan Katolikansu ma ƙarƙashin bishop na Maraɗi suke. Zumuntar matasan coci ita kaɗai ba za ta motsa kasuwa ba, sai ta haɗa kai da 'yan Islamiyya, 'yan sikawut, ƙungiyar ɗalibai da fadodin unguwa. Abin farin ciki, wannan fage ne da ba a jayayya. Sura ta 83 a Alƙur'ani sunan masu tauye mudu take ɗauke da shi, labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana a kan awo yake, kuma hadisi ya hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. A Littafi Mai Tsarki, sura ta 8 ta Amos kan masu ƙaramin mudu da ma'aunin zamba take. Liman da fasto ba sa bukatar tafinta a nan.

Aikin farko sikeli ne. Ƙungiyar makaranta ta sayi sikelin rataye guda, ranar kasuwa ɗalibai biyu da malami su zauna da izinin sarkin kasuwa da magajin gari, duk mai so a auna masa buhu kyauta. Ba su tilasta kowa, ba su yanke farashi. Su rubuta nauyi, farashi da canjin naira na ranar. Littafin nan shi ne darasin lissafi mafi daɗi da za a yi a ajin, kuma bayan kaka biyu zai zama hujjar da Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 kuma take da sashen aikin gona, za ta iya aiki da ita. Hukumar SIMA tana tattara farashin kasuwanni, RECA tana amsa tambayoyin manoma ta WhatsApp. Abin da ya rage shi ne yaron da zai karanta wa mahaifinsa da Barbarci ko Fulatanci kafin mai mota ya iso. A wurin da tsaro bai ba da damar zama a kasuwa ba, kada a tura 'ya'yan mutane. A yi awon a harabar makaranta.

Maganin bashin kaka ma ba sai an je nesa ba. Asusun Mata Masu Dubara da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, yau ƙasashe da dama na Afirka da Asiya sun kwaikwaye shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 kuma, da tallafin FAO, manoman Nijar ke ajiye amfanin gona a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance, su karɓi bashi a kan kayan, su sayar idan farashi ya tashi. Tsarin na da haɗarinsa: tattasai na dushewa idan ya daɗe, kuma mutanen Tumur sun ga abin da wuta ke yi wa kayan da aka tara wuri guda. Amma inda ya yiwu, abin da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne rashin mai riƙe littafi da gaskiya, wannan kuwa aikin ɗan aji uku na sakandare ne.

Tun 2020 ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka keɓe watan Oktoba don cin kayan gida, kuma a watan ne makarantu ke komawa. Kira ga shugabannin makarantu, limamai da fastocin da ke zauren nan shi ne su sa kuɗin sikeli da littafi guda cikin kasafin wannan watan, su kuma je gaisuwa wurin sarkin kasuwa tun kafin yara su fita. Tsinkar tattasai ta farko da shigowar sanyi take farawa.